The Hobbit a Majigi: Laifin Mai Kallo ne ko na Masu Shiri?

Duk babban da ya kalli fim ɗin littafin da ya ƙaunata tun yana yaro, ya fito yana gunaguni, akan ce masa ai shi ne ya girma, labari yana nan yadda yake. Maganar tana da daɗin faɗa, sai dai ba ta ci a kan The Hobbit ba. J.R.R. Tolkien, malami a jami'ar Oxford ta Ingila, 'ya'yansa ya fara ba wa labarin, kuma kafin kamfanin Allen & Unwin ya buga shi a 1937, ɗan mai kamfanin, Rayner, mai shekara 10, aka ba ya karanta ya yanke hukunci. Littafi ɗaya ne mai shafi wajen 300. Mai shirya fim Peter Jackson ya shimfiɗa shi ya zama fina-finai uku daga 2012 zuwa 2014, kallon kusan awa takwas.

A dubi yaƙin ƙarshe, na runduna biyar. A littafin, dutse ya bugi Bilbo, jarumin labarin, a ka ya suma, bai farfaɗo ba sai da ƙura ta lafa, aka ba shi labari a taƙaice. Tolkien ba baƙon fagen fama ba ne, ya halarci yaƙin Somme a 1916, don haka da gangan ya kau da idon yaro daga zubar jini ya kai shi shimfiɗar Thorin, jagoran tafiyar su Bilbo, inda mai kwaɗayin zinariya yake neman gafara kafin ya cika. Jackson kuwa wannan yaƙin ya ɗauka ya raɗa wa fim na uku sunansa. Ya shigo da Legolas wanda babu shi a littafin, ya ƙirƙiro Tauriel da soyayyarta, ya ta da Azog wanda a rubutun Tolkien ya daɗe da mutuwa. Babbar asarar ma ita ce muryar mai ba da labari. Littafin yana magana da yaro kai tsaye, yana zolayarsa, kamar kaka mai tatsuniya da ta san inda za ta sassauta murya kada jikoki su firgita. Wannan murya babba yake nema a majigi, sai ya tarar da ƙarar takubba.

Masu kare Jackson suna da hujja. Fim ba littafi ba ne, ba a sumar da jarumi a bar 'yan kallo cikin duhu, ga shi kuma fina-finan sun tara kusan dala biliyan uku. Za su ƙara da cewa mutumin nan ne ya shirya The Lord of the Rings, wanda kashinsa na uku ya lashe kyautar Oscar 11. To, ai wancan babban littafin Tolkien ne da aka rubuta wa manya, sai da aka datse shi kafin ya shiga fim. Wannan ƙarami ne aka hura shi don ya kai tsawon yayansa. Ciniki kuwa shaida ce ta yawan waɗanda suka sayi tikiti, ba ta abin da suka fito da shi a zuci ba. Kuma fim ɗin da kansa ya ƙaryata batun cewa ƙaramin abu ba ya riƙe majigi: wurin da ya fi kama zuciya shi ne wasan ka-cici-ka-cici tsakanin Bilbo da Gollum, mutum biyu a kogo, 'yan wasa Martin Freeman da Andy Serkis, ba runduna ba doki.

Saboda haka gunagunin babban nan a kan hanya yake. Littafin yara aka ɗauka aka shirya wa manya fim da shi, aka bar yaron a waje.