Ƙamusun da Ba Ya Faɗin Ma'ana

Akwai wani wasan Turawa da ake kira Scrabble, wanda ya sami karɓuwa ƙwarai a Nijeriya. Wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Alfred Butts, shi ya ƙago shi a 1938, aka fara sayar da shi da wannan suna a 1948. Ana yinsa bisa allo mai gida 225, da 'ya'ya 100, kowane ɗa da harafinsa da lambar makinsa, ban da guda 2 da aka bari fayau. Ɗan wasa yakan ɗebi 'ya'ya 7, ya yi ta dabarar haɗa kalmar Ingilishi da su. Harafin da ya yawaita cikin harshen, kamar E, maki 1 gare shi, wanda kuwa ya yi wuya, kamar Q da Z, maki 10.

Da yake wasa ba ya rasa gardama, dole a sami alƙali. A yawancin ƙasashe, har da Nijeriya, alƙalin shi ne wani littafi mai suna Collins Scrabble Words, wanda aka fara bugawa a 2007. Bugun 2019 yana ɗauke da kalmomi 279,496, daga masu harafi 2 har zuwa masu harafi 15. Wajen raba gardama lalle ba shi da na biyu. In kalma tana ciki ta halatta, in ba ta ciki an yar, magana ta ƙare ke nan, ba a bar wa mai ƙarfin baki wata kafa ba. Yana kuma gyara wa mutum jerin baƙaƙe, abin da ke wahalar da kowane mai koyon Ingilishi, don sau da yawa rubutun harshen nan dabam, faɗarsa dabam.

Amma fa jama'a na kiransa ƙamus, nan ne kuwa ɓatan yake. Wanda ya taɓa buɗe ƙamusun Hausa na Bargery, wanda aka buga a 1934, ya san abin da ake nufi da ƙamus: a kawo kalma, a faɗi ma'anarta, a nuna yadda take zama cikin zance. Wannan kuwa jeri ne kurum, kalma bisa kalma, kamar sunayen masu biyan haraji, ba ko ɗaya da aka faɗi abin da take nufi. Yawan nan ma da ake ta yabo, akwai kumfa a cikinsa, gama WALK da WALKS da WALKED da WALKING kowace an ƙidaya ta ita kaɗai, alhali tushensu ɗaya.

A dubi kalmomi masu harafi 2, waɗanda sun haura 120, su ne kuwa 'yan wasa ke fara haddacewa. Akwai ZO. Bahaushe ya gani sai ya ce kiransa ake yi, nan kuwa wata irin saniya ce ta ƙasar Tibet. Akwai AA, ba ta da dangantaka da a'a, sunan wani dutse ne mai kaushi da ke samuwa in ruwan dutse mai aman wuta ya daskare, daga harshen tsibiran Hawai aka aro ta. XU ƙaramin kuɗi ne na ƙasar Biyetnam. QI daga Sinanci take, watau ƙarfin rai da ke gudana cikin jiki bisa ga ilmin mutanen Sin, ba abin da ya sa 'yan wasa ke ƙaunarta sai don tana raba su da Q ba tare da neman U ba. Mutum ya shekara a Ingila ba lalle ya ji an furta ɗayansu a kasuwa ba. NAIRA da KOBO ma suna ciki, amma Kano ba ta ciki, don dokar wasan ta hana sunan gari da na mutum.

Wanda ke shakkar cewa ana iya cinye wasan ba tare da jin harshen ba, ga shaida. A 2015 wani mutumin Niyu Zilan, Nigel Richards, ya zama zakaran duniya na Scrabble na Faransanci, shi kuwa ba ya jin Faransanci. Jerin kalmomin ya haddace cikin 'yan makonni. A 2024 ya sake yin haka da Sifaniyanci. A 2015 ɗin nan dai Wellington Jighere, ɗan Nijeriya, ya ci gasar duniya ta Ingilishi a birnin Perth na Ostireliya, shi ne ɗan Afirka na farko da ya yi haka. Bajinta ce babba, ba mai rage musu ita. Sai dai abin da aka gwada a wurin shi ne kaifin hadda da lissafi da iya tsare gida, kamar dai yadda gwanin dara ke yi.

Inda abin ke da hatsari shi ne ga wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci, ya ɗaura niyyar koyon Ingilishi don neman aiki, ya ɗauki littafin nan malaminsa. Ba zai gaya masa wace kalma ce ta mutu tun shekaru ɗaruruwa ba, ko wacce ce mutanen Sikotilan kaɗai suka sani, ko wacce ce ba a faɗa gaban manya. An cire kalmomin cin mutunci fiye da 400 a bugun 2021, amma waɗanda suka saura ba a yi wa ko ɗaya alama ba. In mutum ya tsinci irin waɗannan ya zuba cikin takardar neman aiki, akawun da ya karanta dariya zai yi, ya ajiye ta gefe.

Wasan cike gurbi na jarida, wanda Arthur Wynne ya fara bugawa a Amurka a 1913, ya fi amfani ga mai koyo, don shi kamar kacici-kacici yake: ma'anar ake ba mutum, shi ya nemo kalmar. Wanda kuwa ransa ya fi kwantawa da Scrabble, sai ya ajiye ƙamus na sosai kusa da allon, duk kalmar da aka ci maki da ita a duba ta kafin a kwashe 'ya'yan, a rubuta ta cikin jimla guda a littafin aljihu.