Faifan Kamal Keila: Muryar da Ta Jira Shekara 26

A garin Mai Wurno, a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar, har yau ana jin Hausa. Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, shi ya kafa garin bayan yaƙin Burmi na 1903. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, sai Hausawa suka bazu cikin ƙauyukan yankin suna aikin gona. Daga cikin wannan jama'a ta mutanen yamma ne A'ishatu Falatiya ta fito, wadda ta buɗe wa mata hanyar waƙa a gidan rediyon Omdurman. Saboda haka kiɗan Sudan ba baƙo ba ne ga Bahaushe.

Akwai wani salo da mutanen Sudan ke kira jaz. Ya bambanta da jaz na Amurka, gama ba piyano ke jan gaba ba. Jita ne da ganguna da ƙahonin busa, kiɗan kuwa na rawa ne. Kamal Keila yana cikin gwanayensa. Ya yi shekaru masu yawa yana waƙa, amma bai taɓa fitar da faifai ba, domin a gidan rediyo ake ɗaukar waƙa, can kuma ake ajiye ta. Abin da ya rage a hannunsa zare biyu ne na ɗaukar murya, na shekarar 1992, har sun fara lalacewa. Kamfanin Habibi Funk na birnin Balin a Jamus ya gyara su, ya fitar da waƙoƙi goma a 2018 da sunan Muslims and Christians, wato Musulmi da Kirista. Faifansa na fari ke nan, ya kuwa rasu a 2021.

Ƙarfin faifan yana wurin makaɗa. Ganga da babban jita suna riƙe da taki ɗaya ba gajiya, ƙahoni suna amsa wa mawaƙi kamar 'yan amshi a dandali. Mai sauraro zai ji inuwar James Brown da ta Fela Kuti, duk da haka karin muryar na Sudan ne. Waƙoƙin Larabci sun fi taushi da daɗin ji. Na Turanci kuwa, kalmominsu a wasu wurare sun yi kama da taken gangami, hikimar waƙa ta yi ƙaranci.

Amma dole a tuna lokacin da aka rera su. A 1992 yaƙin basasa tsakanin arewa da kudu yana ci, gwamnatin Umar al-Bashir kuma ta matsa wa mawaƙa. A irin wannan hali ne mutum ya tsaya yana kiran Musulmi da Kirista su zauna a matsayin 'yan ƙasa ɗaya, yana kuma tunawa da yaran da ke kwana a titi. Wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Kiran bai hana rabuwa ba, gama Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011, amma gaskiyarsa ba ta tsufa ba.

Masu gyaran sun cancanci yabo, domin kowane abin kiɗa yana fitowa sarai. Sai dai faifan garmaho da aka buga a Turai ya fi kusa da ɗakin mai kuɗi a can fiye da bukkar manomin Jazira, wanda waƙar juyin noma ta fi shafa.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 ya kai Wad Madani, ya kuma shiga harabar gidan rediyon Omdurman, inda aka tara muryoyin ƙasar. Da Keila bai adana zarensa biyu ba, da wataƙila ba a san shi ba a wajen Sudan. Waƙoƙin biki da na noma na ƙauyukan Hausawa ma suna bukatar mai ɗauka da mai adanawa tun masu rera su suna da rai. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.