Dajin da Babu Kowa a Ciki? Sharhi kan Karatun Kare Namun Daji a Gabashin Afirka

Wata ƙawata da muka gama digirin farko tare ta turo min tallar wani shiri ta WhatsApp, ta ce in duba mata ko ya cancanci wahalar neman tallafi. Irin shirin nan ne da ɗalibi zai bar aji ya tafi wata ƙasa wata uku ko huɗu, ya zauna kusa da gandun daji yana koyon ƙidayar dabbobi. Sananne a cikinsu shi ne na School for Field Studies, cibiyar Amurka da aka kafa a 1980, mai sansani a Rhotia kusa da tafkin Manyara a Tanzaniya da kuma Kimana kusa da Amboseli a Kenya.

Gaskiya akwai abin yabawa. Wanda ya yi karatun halittu a irin jami'o'inmu ya san yadda ake haddace hanyar ƙidayar dabbobi a allo ba tare da an taɓa ganin ko barewa ba. A can kuwa za ka bi layin da aka shata, ka auna nisan kowace dabba daga layin, ka ɗaura kyamarar da ke ɗaukar hoto da kanta idan wani abu ya gitta, ka dawo ka ga yadda alƙaluma ke ƙin bin abin da littafi ya ce. Wannan ba ƙaramin ilimi ba ne.

Inda nake da ja shi ne kalmar da tallace-tallacen irin waɗannan shirye-shirye ke yawan dogara da ita, wato daji tsantsa, wanda hannun mutum bai taɓa ba. Wannan tunani daga Amurka ya taso. An kafa gandun Yellowstone a 1872 a ƙasar da ƙabilun asali irin su Shoshone suka daɗe suna farauta da zama, sannan dokar 1964 ta bayyana irin wannan daji a matsayin wurin da mutum baƙo ne kawai, ya zo ya wuce. Da aka kawo tunanin Afirka, sai da aka fitar da mutane kafin dajin ya dace da hoton. A 1959 aka tashi Masai daga Serengeti aka mai da su yankin Ngorongoro. A shekarar ce kuma fim ɗin Bernhard Grzimek kan Serengeti ya fito, ya samu kyautar Oscar, ya kafa wa duniya hoton fili mai dabbobi babu makiyayi ko ɗaya. Maganar ba ta mutu ba fa: a watan Yunin 2022 an yi arangama a Loliondo lokacin da gwamnati ta shata kusan murabba'in kilomita 1,500 daga filin kiwon Masai.

To, ko da an ajiye batun adalci gefe, kimiyyar ma ba ta goyi bayan hoton ba. A 2018 Fiona Marshall da abokan aikinta suka wallafa bincike a mujallar Nature kan tsofaffin wuraren da makiyaya suka riƙa kwantar da shanu a kudancin Kenya, wasu sun haura shekara 3,000. Kashin da ya taru a wuraren ya bar ƙasa mai yalwar sinadaran da tsiro ke buƙata har yau, ciyawarta ta fi ta kewaye daɗi, namun daji kuma can suke taruwa su yi kiwo. Duk manomin da ya taɓa roƙon Bafillace ya sauke masa garke a gona da rani ya san wannan ba sai an kai shi ɗakin gwaji ba. Ka ga kenan filin da ɗalibi ke ɗauka a hoto yana cewa Allah ya bar shi yadda ya halitta, wani ɓangarensa tsohon mashekari ne.

Haka labarin wildibis, dabbar nan mai kama da saniya da ke ƙaura a Serengeti. Yawanta ya tashi daga kimanin 250,000 a farkon shekarun 1960 zuwa fiye da miliyan ɗaya kafin 1980, kuma babban dalili shi ne allurar rigakafin bushiya da aka yi wa shanun makiyayan kewaye. Da cutar ta ƙare a shanu, sai ta ƙare a daji.

Sai batun lokaci. Ɗalibi na yin binciken kansa ne a 'yan makonnin ƙarshe, ga shi yankin na da damina biyu a shekara, ga fari da ke zuwa ya birkita komai. Binciken giwayen Amboseli da Cynthia Moss ta soma tun 1972 shi ya sa aka san rayuwar giwa daga haihuwa zuwa tsufa. Wata ɗaya horo ne, kuma ba laifi a kira shi horo. Matsalar na zuwa ne idan aka koma gida ana kiransa gudummawa ga ceton Afirka, alhali direba da tafinta da ɗan jagoran da ya gane sawun zaki tun daga nesa ba safai sunansu ke hawa kan takarda ba. In za a yi adalci, wasu shirye-shiryen na ɗaukar malamai 'yan ƙasa, suna kuma gabatar wa mutanen gari sakamako. Abin tambaya shi ne wa ke zaɓar tambayar binciken tun farko.

Kuɗin zango ɗaya kan haura dala 20,000, shi ya sa akasarin ɗaliban daga jami'o'in Amurka suke. Ɗan Masai da aka haifa a bakin gandun ba shi da hanyar shiga sai ta tallafi ko a matsayin ma'aikaci.

Na ce wa ƙawata in ta samu cikakken tallafi ta tafi, amma ta nemi jadawalin darussa tukuna ta ga ko ana koyar da tarihin filaye da na makiyaya, ta kuma tambayi ina bayanan da ɗalibai suka tara ke ƙarewa. Na kuma tura mata sunan kwalejin Mweka da ke gindin dutsen Kilimanjaro, wadda ke horar da jami'an gandun daji na Afirka tun 1963, da makarantar namun daji ta Garwa a Kamaru da aka buɗe a 1970. Ta ce ba ta taɓa jin ko ɗaya daga cikinsu ba, ga shi Garwa ba ta da nisa da Yola, garinsu.