Wa Ya Ce Maka 7A Ce?

Wata ɗabi'a ta shigo mana dajin Fontainebleau, kuma ta kai ni maƙura. Mutum zai ratse daga turba, ya hango dutse a bayan itatuwa, ya zaro waya ya duba manhaja, ya buɗe littafin jagora, bai ga an ambaci dutsen ba. Shi ke nan, kakarsa ta yanke saƙa. Ya shimfiɗa katifa, ya kankare gansakuka, ya yi ta fama har ya haye. Tun numfashinsa bai dawo daidai ba ya raɗa wa hanyar suna, ya maƙala mata lambar wahala ta 7A, ya watsa bidiyo cewa shi ya buɗe ta. Kafin magariba abokai sun gama yi masa barka, ba a samu ko mutum ɗaya da ya tambaye shi wa ya taya shi aunawa ba.

Na san wasunku har sun fara tsarguwa. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, kuma jirgi ɗaya muke shiga daga Gare de Lyon ranar Asabar, mai ƙorafi ya same ni a can.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan "ni na fara". A ina? A Bleau, wato Fontainebleau? Dajin da tun ƙarshen ƙarni na 19 masu hawan tsaunuka ke fitowa daga Paris su gwada ƙwanjinsu a cikinsa? A shekarun 1930 su Pierre Allain sun mai da shi gida. A 1946 René Ferlet ya haye Marie-Rose a Bas Cuvier, wadda ake ɗauka a matsayin 6A ta farko a dajin, kuma har gobe tana zubar da ƙarti. A 1947 Fred Bernick ya shata zagayen hanyoyin hawa na farko da fenti a Cuvier Rempart. A 1984 Jacky Godoffe ya kai dajin matakin 8A. Mutanen nan ba su da katifa, sai ɗan ƙyallen goge takalmi da ƙullin ƙaro, amma babu lungun da ba su leƙa ba. Kuma ba duk abin da suka hau suka rubuta ba. Wani sun ga bai kai a ɓata masa tawada ba, wani masaukarsa ba kyau suka ƙi jawo mutane gare shi, wani kuma gansakuka ta sake rufe shi bayan an daina zuwa. Littafi ya ɗauki abin da ya ɗauka, saura yana ƙwaƙwalwar tsofaffi.

Na ga haka da idona a wajen Trois Pignons. Wani saurayi, ƙaƙƙarfa ne kam, daga gani ɗan ɗakin atisaye ne, ya wuni yana kokawa da kusurwar wani ɗan dutse mai sulɓi. Da ƙarfin damtse yake ɗaga kansa, ƙafafu suna lilo, har dai ya tuma ya cafki saman. Ya sauko yana haki ya ce wannan ba ta gaza 7A ba, kuma ba ta cikin littafi. Akwai wani dattijo mai furfura a gefe, da guntun darduma a hammata, yana kallo bai ce uffan ba. Can ya matso ya nemi izini, ya ajiye dardumarsa, ya goge tafin takalminsa har sai da robar ta yi ƙara, ya ɗora ɗan yatsan ƙafar hagu a kan wani ɗan tudu da duk cikinmu babu wanda ya lura da shi, ya dafa kusurwar da tafin hannu, ya miƙe tsaye. Ko alli bai shafa ba. Da muka ce Baba, dama ka santa? Sai ya ce da ita suke ɗumama jiki suna samari, kuma a ganinsa ba ta wuce 5 ba. Bai yi wa yaron dariya ba, nuna masa tudun ya yi. Yaron ya gwada, ya haye cikin sauƙi, ya yi shiru.

To kun ga inda gizo ke saƙa. Wahalar da ka sha ba ita ce wahalar hanyar ba. Wataƙila ba ka gano dabarar ba. Wataƙila ka zo da rani, dutse ya yi ɗumi, hannu yana gumi, alhali da hunturu yatsa manne wa dutsen yake. Wataƙila kai gajere ne, dogo zai miƙa hannu ya tsallake wurin da ya hana ka barci. Balle hanyar da ba a rubuta ba, wadda ko iyakarta ba a yanke ba. Daga zaune ake farawa ko daga tsaye? Da wane mariƙi? An yarda a taka dutsen da ke gefe? Kusurwar dama tana ciki ko an haramta ta? Sau da yawa na ga mutum biyu suna jayayya a kan lamba, da aka bi diddigi ashe hanyoyi biyu daban suka hau a fuskar dutse ɗaya.

Kuma kada wani ya ce wannan matsalar ƙananan mahaya ce. Charles Albert, mai hawa ba takalmi, ya buɗe wata hanya a Rocher Brûlé ya ce 9A ce. A 2019 Ryohei Kameyama ya zo daga Japan ya maimaita ta, ya ga ta ɗan gaza haka. Daga baya Nico Pelorson ya gano wata dabarar, ya ce 8C. A 2021 Simon Lorenzi na Beljiyam ya haye Soudain Seul, har sai da ya cusa littafi a ƙarƙashin abin ɗaure gwiwarsa don ƙafarsa ta kai inda za ta maƙale, ya ce 9A. Pelorson ya bi bayansa ya ce 8C+, Camille Coudert ya zo ya koma kan 9A. Waɗannan fa mutane ne da hawan dutse shi ne rayuwarsu, kowannensu ya san ɗanɗanon ɗaruruwan hanyoyi masu wuya, amma ga shi sun saɓa. Kai da ka hau 7A biyu ko uku a duniya, biyu daga ciki a kan roba a ƙarƙashin rufi, da wane ma'auni ka auna?

Lamba kamar kuɗin rago take a kara: mai rago ya faɗi nasa, amma sai an taya, an ja, an sallama, sannan a san farashi. Wanda ya fara hawa tayi kawai yake yi. John Gill na Amurka ya gane haka tun ƙarshen shekarun 1950. A tsarinsa, B3 ita ce hanyar da sau ɗaya tak aka taɓa hayewa, da zarar an maimaita ta sai ta sauko B2. Shi kuwa John Sherman, wanda harafin V na ma'aunin Amurka ya fito daga laƙabinsa, da ya rubuta jagoran duwatsun Hueco Tanks ba lambobi ya miƙa shi, mai buga littafin ne ya dage sai an saka, sannan ya fito a 1991. Mutumin da ya haifi ma'aunin bai ɗauke shi da zafin da muke ɗaukarsa ba.

Na yarda, lamba tana da amfani, tana hana sabon shiga ɗare abin da zai karya shi, kuma har yanzu akan samu sababbin hanyoyi na gaskiya da suka cancanci a rubuta. Wannan ban musa ba.

Amma ku dubi abin da yunwar lambar nan ke jawowa. Akwai waɗanda yanzu ba sa taɓa dutsen da ba ya cikin manhaja, komai kyansa, don ba inda za su je su yi masa alamar sun gama. Ka nuna wa mutum hanya mai daɗi, tambayarsa ta farko nawa ce. Ka ce ba ka sani ba, ya naɗe katifarsa ya yi gaba. Ga kuma masu farautar "sabuwa", su ne suka fi ɓarna. Dutsen Bleau dutsen yashi ne, fatarsa ta waje ce mai tauri, cikinsa gari ne. Ka sa masa buroshin ƙarfe ka cinye fatar, ba ta dawowa. Ka hau shi bayan ruwan sama bai bushe ba, mariƙi ya ɓalle a hannunka, an yi asararsa ke nan har abada. Ban da zane-zanen alli da ake bari a kowane wurin kamu, da tsirran da ake tattakewa don a share wa katifa fili. Duk don a samu suna a jikin wani layi da wataƙila an haye shi tun ba a haifi iyayenmu ba.

Mu da muka taso a Damagaram bai kamata a koya mana wannan ba. Duwatsun da ke zagaye da Birni babu ko ɗaya a littafin kowa, amma wa zai tsaya a gindinsu ya rantse cewa yaran unguwa ba su taɓa ɗare su ba?

Don haka, 'yan'uwa, in kun ci karo da dutsen da ba a rubuta ba, ku hau abinku, ku ji daɗinsa, da buroshi mai laushi kuma bayan ya bushe. In sha'awar rubutawa ta motsa, a fara tambayar tsofaffin wurin, a faɗi inda aka fara da abin da aka taka, a kira dogo da gajere, mace da namiji, su ma su gwada. In an ce lallai sai ka faɗi lamba, ka ce "a ganina", ka bar ƙofa a buɗe. Wanda kuma ya riga ya watsa tasa 7A ɗin, don Allah ya kai mu wurin ranar Asabar mu taya shi aunawa.