Kafin Allura Ta Shiga Fata

Soka wa saniya allura ba abin a zo a gani ba ne. Kusan kowane saurayi a ruga ya iya. Abin da ke burge ni a aikin malamin dabbobi shi ne ɗan lokacin nan da yake ɗauka kafin ya buɗe jakarsa. Zai zagaya dabbar, ya ɗaga fatar idonta ya ga ko jini ya ragu, ya shafa ƙasan haɓa ya ji ko akwai kumburi, ya sa ma'aunin zafi, ya tambayi mai ita yaushe ta daina tuƙa da inda aka yi kiwo a makon jiya. Sai ya zaro igiyar awo ya kewaye ƙirjinta daidai bayan ƙafafun gaba. Nauyinta yake nema, don a wajensa ba a auna magani da "babbar saniya" ko "ɗan maraƙi". Da kilo ake aunawa.

A ƙasar Kafanchan da Kachia da Zangon Kataf wannan lissafi ba ƙawa ba ne. Ƙasa ce mai ruwa da kurmi, inda tsando ke samun inuwa a bakin rafuka, shi ya sa sammore ya daɗe yana cin shanu a nan. Ba banza ba aka kafa cibiyar binciken wannan cuta a Kaduna tun zamanin Turawa. Duk makiyayin yankin nan ya san garin maganin nan rawaya, Berenil, wanda ainihin sunan sinadarinsa diminazin. To ga inda ƙwarewa take. Ƙaramar ledar nauyinta giram 2.36 ne, amma maganin gaske da ke ciki giram 1.05 ne kawai. Ƙa'ida ita ce miligiram 3.5 ga kowane kilo na nauyin dabba, wato leda ɗaya ta saniya ce mai kilo 300. Idan aka jiƙa ta da ruwa mai tsabta ta zama mililita 15, kowace mililita ɗaya ta kilo 20 ce. Farar saniya Bunaji mai kilo 240 za ta samu mililita 12. Malamin yana yin wannan a kansa, yana tsaye cikin kashin shanu, ƙudaje na damunsa, kuma ba ya kuskure.

Wanda bai koya ba sai ya raba leda guda wa shanu uku don tsimi. Saniya ta ɗan warware, ƙwayar cutar da ta tsira kuwa ta saba da maganin, har a wayi gari ana yi ba ya ci. Wannan shi ake kira bijirewar cuta ga magani, kuma yana ba ni tsoro, domin magungunan sammore 'yan kaɗan ne, tsofaffi ne, Berenil kansa tun shekarun 1950 ake amfani da shi. Ɗan'uwansa Samorin, mai launin ja mai duhu, ya fi daɗewa a jiki, shi ya sa ake yin sa don kariya kafin a shiga kurmi. Sanin wanne ne na warkarwa, wanne ne na tarewa, rabin aikin ke nan.

Sauran rabin yana kan kwalba. Malamin dabbobi yakan karanta ƙarfin magani kafin ya karanta sunan kamfani, domin sinadari ɗaya na iya zuwa da sunaye goma. Oksitetrasaikilin mai dogon aiki, wanda kowa ke kira LA, idan an rubuta kashi 20 cikin ɗari, to miligiram 200 ne a kowace mililita, a ba mililita ɗaya ga kilo 10. Akwai kuma mai kashi 5, wanda ƙarfinsa rubu'in wancan ne. Wanda ya ɗauke su abu guda ya yi asarar kuɗi da dabba. Aibamektin na tsutsar ciki da ƙazuwa mililita ɗaya ce ga kilo 50 a saniya, amma a alade ga kilo 33. Wannan bambanci yana da amfani a garin da kasuwar aladu ta Katsit ke cika kowace Alhamis, 'yan kasuwa na zuwa daga kudancin ƙasa.

Sannan hanyar da magani zai bi. Na cikin jijiya ya fi saurin aiki, kuma shi ya fi saurin kisa idan aka tura da gaggawa. Na cikin tsoka a wuya ake so, a raba wuri biyu ko uku idan yana da yawa, don kada ya yi ƙurji ya ɓata nama. Na ƙarƙashin fata a hankali yake shiga jini. Na baki kuwa sai an tuna cewa tumbin saniya cike yake da ƙananan halittu masu narkar mata da ciyawa; ka ɗura mata ƙwayoyin mutane na kashe cuta, ka kashe ma'aikatan cikinta. Jinsi ma ba ɗaya ba ne: Berenil ɗin da saniya ke ɗauka lafiya yana iya taɓa ƙwaƙwalwar kare, raƙumi kuma ba a kusantarsa da shi. Albendazol na kashe tsutsar ciki da balagaggiyar tsutsar hanta, amma ba a ba saniyar da ta ɗauki ciki kwanan nan.

Akwai wata kalma da nake so kowane mai shan fura ya sani: lokacin jira. Magani ba ya ɓacewa don dabba ta miƙe. Hanta da ƙoda suna ɗaukar kwanaki suna fitar da shi, wani sashe kuma ta nono yake fita. Kwanakin suna rubuce a jikin kwalba, na nono daban, na nama daban, na nama yakan kai makonni. A nan aikin ya fi wuya, don lissafi ba ya isa, sai da lallashi. Malamin zai durƙusa ya gaida Ardo, ya juya ga uwargida ya ce, Inna, nonon wannan kada ya shiga ƙwarya sai ranar kaza. Ya san kuɗin cefanen gidan yake taɓawa, kuma ya san yaran da za su sha kindirmon a tashar Kafanchan.

Rigakafi shi ma dabam ne. Na ciwon huhu da na annobar awaki da ake kawowa daga Vom, cibiyar da ke aiki tun 1924, sanyi ne ransu, tsakanin digiri 2 da 8. Za ka ga malami a kan babur, kula ɗaure a baya cike da ƙanƙara, yana sauri ya isa ruga kafin rana ta ɗaga. Da ya haɗa kwalba sai ya ƙarar da ita cikin ɗan lokaci, ragowar kuma ya zubar ko da ana roƙonsa. Da irin wannan kulawa aka ga bayan cutar bushiya ta shanu, wadda aka sanar da ƙarewarta a duniya a 2011.

Wani lokaci kuma jakar ba ta buɗuwa sam. Idan aka kira shi gidan aladu ya tarar suna zazzaɓi, kunnuwa sun yi ja, suna mutuwa bi da bi, yakan zargi zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ya ɓarke a Najeriya a 1997 kuma LA ba ta yi masa komai. Mai gida zai so a yi allura ko don hankalinsa ya kwanta, ga kuɗi a hannu. Malamin sai ya ce a killace garken, kada a kai ko ɗaya kasuwa, a binne matattun da zurfi, ya kira likitan dabbobi na yanki. Kafin ya hau babur zai tsaya a bakin ƙofa ya wanke takalmansa da maganin kashe cuta, domin akwai wani gidan da ke jiransa a gaba.