Jinjina Ga Masu Facin Keke

Kafin rana ta take, kekuna sun fara shigowa Keffi ta hanyoyin gona, waɗanda mota ba ta bi sai dole. Wani ya ɗauro doya a kariya, wani buhun gawayi, wani jarkoki biyu. Daga bakin titin Abuja zuwa Akwanga ka ratse, hayaniya ta ƙare, sai kukan sarƙa da ƙararrawa.

Amma wannan tafiya ba ta yiwuwa sai da mai faci. A Angwan Iya shagonsa bai wuce inuwar bishiya ba: famfo, kwanon ruwa, gam, da gwangwanin giris. Ya tsoma tayar ciki a ruwa, ya bi ta a hankali har ƙwayar iska ta tona inda ƙaya ta shiga. Ya kankare, ya shafa gam, ya jira ya sha iska. Mai gaggawa facinsa ba ya kai Garaku.

Babur ya cinye masa kasuwa, gaskiya ne. Duk da haka tsohuwar Raleigh da kaka ya bari tana kan hanya saboda hannunsa.

"Baba, nawa ne?"

"Kawo abin da ya sawwaƙa, ɗana. Ka dai duba birkin nan."