Jinjina ga Manoman Fadamun Gaya da Ajingi

Kogin da ya ratsa Wudil ya nufi Haɗejiya yakan malala cikin fadamu da damina, idan ya janye ya bar laka mai yalwar albarka. Manoman Gaya da Ajingi sun gaji sanin yadda ake cin moriyar ƙasa ba tare da an gajiyar da ita ba, kuma sun cancanci jinjina a kan haka.

A kwari shinkafa suke shukawa da damina. Da rani sai albasa da tumatir da tattasai, a da da jigo, yau da injin ban ruwa. A tudu kuwa sukan haɗa gero da dawa da wake a gona guda, waken yana ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Ba kasafai suke sare gawo ba, domin da damina yake kaɗe ganye, ya bar shuka ta sha rana, ganyen ya zama taki. Kuka da ɗorawa da tsamiya ma ana barinsu. Bayan girbi shanun Fulani su ci kara, su bar kashi a gona.

Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya lokaci da yawan ambaliya, amma har yau da wannan ilimi na iyaye ake ciyar da gidaje.